Daga Gonar Auduga Zuwa Kwandon Tumatir: Yadda Feshi Ya Shiga Lambu

Noman lambu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, amma feshi baƙo ne wanda ko shekara tamanin bai cika ba a cikinta. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya kuma isa Gwandu a 1853, ya tarar ana noman albasa da alkama a fadamu da rani, har ya yaba albasar Gwandu a rubuce-rubucensa. Kayan aikin wancan zamani jigo ne da guga da ƙwarya. Mai lambu ya ja ruwa daga rijiya ko gulbi ya juye a magudani, yaronsa na can ƙasa yana buɗe bakin fangali, in ya cika ya toshe da laka ya buɗe na gaba. Ƙarfin dantse shi ke yanke wa lambu iyaka, saboda haka lambuna ƙanana ne, a warwatse, kowanne a gauraye: albasa nan, gauta da barkono can, taba a gefe, alayyafo da kuɓewa a bakin magudani. Da hunturu ake yi, zafin bazara ya kawo ƙarshensa, damina ta zo ta shanye fadamar. Ƙwaron da ya saba da ganyen gauta sai ya yi wata da watanni bai ga gauta ba. Wanda ya tsira a barbaɗa masa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ko a tsince shi da hannu. An yi asara a wancan zamani, fara ta sha cinye gonakin gari guda, amma tsarin noman kansa ba ya barin ƙwaro ya kafa gida.

Yau da wuya tumatir ko kabeji ko kankana ya isa kasuwar 'Yankaba a Kano ko Mile 12 a Legas ba a yi masa feshi sau da dama ba, kuma duk sa'ad da maganar sauran guba a jikin kayan miya ta taso, amsar da ake bayarwa ɗaya ce: manomi jahili ne, ɗan kasuwa kuma mai haɗama. Amsar tana da daɗin faɗa, tana kuma wanke waɗanda suka fi kowa hannu a lamarin. Abin da tarihi ya nuna shi ne an koya wa manomin Arewa feshi a kan amfanin gonar da ba a ci, daga baya hukuma ta gina masa irin lambun da ba ya rayuwa sai da feshi, sannan ta janye malamin gona ta bar kwalbar a kasuwa. Gubar da ke saura a cefanenmu gado ce ta wannan rabuwa tsakanin magani da saninsa.

Ta hannun gwamnati maganin ƙwari na zamani ya shigo mana, kuma ba domin kayan miya aka kawo shi ba. A 1939 masanin Suwizalan Paul Müller ya gano cewa DDT na kashe ƙwari, aka ba shi kyautar Nobel a 1948, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatocin mulkin mallaka suka rungumi DDT da danginsa irin su lindan da dildirin hannu bibbiyu. A 1954 aka fara gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin Sakkwato, ana bi gida-gida ana fesa bangon ɗakuna a yankin Birnin Kebbi. A Kudu maso Yamma manoman koko suka karɓi Gammalin 20, wanda lindan ne, don maganin ƙwarin da ke tsotse itacen koko. A Arewa kuwa auduga ce ta zama makarantar feshi. Tashar bincike ta Samaru, wadda aka kafa a shekarun 1920 ta kuma zama cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta daɗe tana gwada magunguna a kan tsutsar da ke huda 'ya'yan auduga, malaman gona kuma suka kai darasin ƙasashen Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Gwambe.

Ya kamata a tsaya a duba abin da darasin ya ƙunsa, domin shi ne tushen ɗabi'ar da muke gani yau. An koya wa manomi ya yi feshi bisa lissafin makwanni: da auduga ta kama fure a fara, a riƙa yi mako-mako, ko an ga tsutsa ko ba a gani ba. An koya masa cewa alamar magani mai kyau ita ce ƙwaro ya zube nan take. Tambaya ɗaya ce ba ta taso ba, wato kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a ci, domin ba wanda ke dafa auduga. Angurya ma sai bayan watanni take isa bakin saniya ko matatar mai. Ga auduga darasin ya yi daidai da fahimtar zamaninsa. Amma magani in ya shiga gida ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Gamalin, kamar yadda bakin mutane ya mayar da sunan, ya bar gonar koko ya shiga kogi ana kashe kifi da shi, ya shiga huhun goro, ya hau busasshen kifi, ya hau kan yara don ƙwarƙwata. Duk wannan ya faru ne a shekarun da ƙasashen da suka ƙera waɗannan magunguna suka fara juya musu baya: littafin Rachel Carson da ya tona illarsu ya fito a 1962, Amurka ta hana amfani da DDT a gona a 1972, mu kuwa a lokacin muke shiga ciki da ƙarfi.

Fari na farkon shekarun 1970 da kuɗin man fetur su suka sauya kamannin lambun. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, ruwa ya bi magudanan siminti ya isa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Madatsar Bakolori ta biyo baya a 1978. Alkama hukuma ta fi sa wa rai, manoma kuwa suka duba inda kuɗi yake, suka juya ga tumatir da albasa da tattasai da shinkafa. A 1975 aka buɗe shirye-shiryen raya noma na Funtuwa da Gusau da Gwambe da bashin Bankin Duniya, da shagunan sayar da taki da magani a kan rangwame, daga baya kowace jiha ta yi nata. A shekarun 1980 ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur da 'yar rijiyar burtsatse suka shiga fadama, shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya ƙara baza su, jigo ya zama tarihi. Mutumin da kakansa ke shayar da 'yan fangula yanzu yana shayar da kadada guda ko biyu, maƙwabcinsa na dama da na hagu duk tumatir irin Roma ko UTC suka dasa, wani yana tsinka wani yana dashe, ganyen tumatir ba ya yankewa daga kaka har bazara. Hutun da ke kashe ƙwaro da yunwa ya gajarce, gauraye-gauraye da ke rikita shi ya ragu. A irin wannan fili feshi ya zama dole, kuma a yi wa tsarin adalci, da farko ya zo da malaminsa: an tsara malamin gona ya riƙa ziyartar rukunin manomansa duk mako biyu, shi ma ana yi masa bita a kai a kai.

Wannan malami ne ya ɓace. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, aka rusa hukumomin sayen amfanin gona, rangwame ya yi ta raguwa. Da bashin Bankin Duniya ya ƙare, jihohi da dama suka kasa ɗaukar nauyin abin da aka bar musu. Babur ɗin malamin gona ya lalace ba a gyara ba, wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba. Magani kuwa bai ɓace ba, sai ma ya yi araha, domin kamfanonin Sin da Indiya sun cika kasuwa da kwafin tsofaffin sinadarai masu sunaye barkatai. Wanda ya hau kujerar malamin gona shi ne mai teburin magani a kasuwar ƙauye, mutumin da ribarsa ke ƙaruwa da yawan kwalaben da ya sayar. Manomi ya zo masa da ganye a hannu ya nuna, shi kuma ya ce, haɗa wannan da wannan, in bai ji ba ka ƙara murfi ɗaya. Ma'aunin murfin kwalba ne ko gwangwanin madara, a juye a injin goyo mai cin lita 16 ko 20, a motsa da kara, wani lokaci da hannu. Sau da yawa ma ba mai gonar ke feshin ba, matasa ne 'yan ƙwadago da ake biya bisa yawan tankin da suka juye, ba takalmi ba takunkumi. Gargaɗin kwanakin jira yana nan a jikin kwalbar, da Turancin Ingilishi, da ƙananan baƙaƙe. In kwalbar ta tsallaka iyaka ta isa Maraɗi ko Birnin Ƙonni, kamar yadda da yawansu ke yi, sai ta tarar da manomin da ko ya yi boko da Faransanci ya yi, kuma sau da yawa kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari bai taɓa amincewa da ita ba.

Darasin auduga ya fi yin ɓarna a tumatir saboda yadda tumatir yake. Auduga da dawa lokacin girbinsu sananne ne. Tumatir kuwa gindi ɗaya yana ɗauke da fure da ɗanye da nunanne a rana guda, ana tsinkarsa duk bayan 'yan kwanaki har tsawon makwanni. Maganin da aka rubuta masa jiran mako ɗaya ko biyu ba shi da gurbi a wannan lissafi: in manomi ya jira, nunannen ya ruɓe a gindi; in ya bar feshi, tsutsa ta huda ɗanyen. Sai ya yi feshi yau, jibi motar Legas ta zo a yi lodi. Maganin ƙwari na DDVP da danginsa jijiya suke bugawa, suna hana a kashe saƙon jijiya bayan ya isa, kuma wannan tsari iri ɗaya ne a jikin ƙwaro da na ɗan Adam. Wanda ya sha da yawa za a ga miyau na dalala, gumi na tsiyaya, ƙwayar ido ta tsuke, amai da gudawa, numfashi ya sarƙe. Mai feshi shi ya fi fuskantar wannan. Mai cefane nasa kaɗan-kaɗan ne na shekaru, kuma irin wannan illa ba ta barin shaida a fili. Tarayyar Turai ta janye izinin sinadarin kulofirifos a 2020 saboda fargabar abin da yake yi wa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki, lindan da DDT kuwa suna taruwa a kitsen jiki har su fito a nonon uwa. Kuskure ne a riƙa ɗora kowane ciwon ƙoda ko daji a kan feshi ba tare da gwaji ba, kamar yadda ake yi a majalisa, amma rashin gwajin nan shi kansa yana cikin matsalar. Masu cewa ai ana wankewa ana kuma dafawa suna da rabin gaskiya. Wanki yana rage abin da ke bisa ɓawo, wuta tana karya wasu sinadaran. Amma akwai magungunan da aka yi su musamman don su shige cikin jikin shuka, ruwa ba ya fitar da su, kuma latas da kabeji da kokwamba da karas, waɗanda suka mamaye farantin buɗe-baki da na biki a 'yan shekarun nan, ɗanyu ake cinsu.

A 2016 aka ga iyakar wannan hanya. Wata 'yar tsutsa mai suna Tuta absoluta, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shiga Sifaniya a 2006 ta kuma gangaro Afirka, ta auka wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Manoma suka raɗa mata suna sharon. A cikin naman ganye take zama, inda feshin waje ba ya samunta sosai, tana kuma saurin hayayyafa. A watan Mayun shekarar gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashin kwando ya ninka sau da yawa, kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa cikin shekarar ya tsaya saboda rashin kaya. Manomi ya yi abin da ya sani: ya ƙara murfi, ya gauraya uku, ya rage kwanakin da ke tsakanin feshi da feshi. Tsutsar da ta jure ita ce ta haihu, ƙwarin da ke cinta kuwa suka mutu. Abin takaici shi ne tun da daɗewa aka rubuta wannan darasi a ƙasarmu. A 1955, ba a yi shekara biyu da fara feshin yammacin Sakkwato ba, masu bincike suka tarar sauron Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, ya daina jin dildirin, kuma shi ne karo na farko da aka tabbatar da haka ga babban sauron zazzaɓi na Afirka. Masana sun san labarin, amma shekara sittin bayan haka bai isa teburin mai magani ba.

Wani zai ce duk wannan zato ne, ina awon da ya nuna akwai guba a kwandon? Tambayar tana da nauyi, kuma amsarta tana wurin wake, domin shi ne amfanin gonarmu da aka auna da gaske, ba don komai ba sai don yana zuwa Turai. Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, kuma ƙwaron ajiya na iya mayar da buhu gari cikin 'yan watanni, shi ya sa masu sito ke yayyafa masa fiya-fiya, wato DDVP. A 2008 ɗalibai fiye da 120 na wata makarantar 'yan mata a Doma ta jihar Gwambe suka kwanta bayan cin wake, a Bekwarra ta jihar Kuros Riba kuma mutum 112 suka kwanta, yara biyu suka rasu. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan ta kama kaya fiye da sau 50 tun daga farkon 2013. Iyakar DDVP da ta yarda da ita miligiram 0.01 ne a kilo, abin da aka samu kuwa ya kama daga 0.03 har 4.6. Dakatarwar shekara ɗaya aka ce, a 2016 aka mayar da ita zuwa 2019, aka kuma sake tsawaitawa. Akwai masu ganin wannan kariyar kasuwa ce aka lulluɓe da rigar lafiya, kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba: 0.01 adadi ne da Turai ke ɗora wa duk sinadarin da ba ta yarda da shi ba, ba ma'aunin inda cuta ke farawa ba ne. Sai dai 4.6 ya ninka shi sau 460, kuma waken da aka auna shi ne zaɓaɓɓe, wanda aka tace don fitarwa. Masu fesa wake da masu fesa tumatir daga teburi ɗaya suke saye. Bambancin kawai, kwandon da ya nufi 'Yankaba ba ya bi ta ɗakin gwaji.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta yunwa: in aka hana feshi, wa zai ciyar da Kano da Legas? Gaskiya ne toka da tsintar hannu ba za su kare kadada dubu na tumatir ba, kuma masu kiran a koma noman kakanni sun manta cewa lambun kakanni bai taɓa ciyar da birni mai mutum miliyoyi ba. Amma zaɓin bai tsaya tsakanin guba da yunwa ba, kuma waken nan dai ya nuna haka. Binciken da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara da takwarorinsu a Marwa ta Kamaru a ƙarshen shekarun 1980 ya haifar da buhu mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. In aka ɗaure bakin kowanne da kyau, ƙwaro ya shanye iskar da ke ciki ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Hikimar tukunyar da ake liƙe wa baki da laka ce aka sabunta. Abin lura shi ne yadda buhun ya bazu daga 2007: an bi ƙauye-ƙauye a Nijeriya da Nijar da maƙwabta, a ɗaure wake a gaban jama'a, bayan watanni a tara mutane a kwance buhun kowa ya gani da idonsa. Kaya ya tafi tare da mai koyar da shi, abin da kwalbar feshi ta rasa tun shekarun 1980. Ga tumatir ma akwai dabaru sanannu, tarkon da ke jawo mazan sharon da ƙamshi, magungunan da jiransu kwana ɗaya zuwa uku ne, ruwan darbejiya, haɗa kai a bar yanki guda ba tumatir na wani lokaci. Kowace a cikinsu ta fi murfin kwalba buƙatar bayani, kuma wasunsu sun fi tsada.

A nan ne hane-hanen hukuma ke gazawa. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta haramta magungunan gona talatin a 2008, a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben DDVP irin su Sniper a kasuwa bayan yawaitar masu kashe kansu da shi, ta kuma sanar da jadawalin janye wasu. Haramci yana cire suna daga takarda, amma bai gaya wa manomin Bunkure abin da zai fesa gobe ba, kuma kasuwa ba ta ba shi dalilin sauyawa. Wanda ya jira kwanakin da aka rubuta ya yi asarar tsinka ɗaya, kwandonsa kuma kuɗi ɗaya da na wanda ya fesa jiya. Mai saye ma kyan ido yake bi, tumatir mai huda shi ake yi wa tayin wulaƙanci. Kenya ta shiga irin wannan hali a 2013, lokacin da Turai ta tsananta binciken koren wakenta saboda sauran magani, kuma abin da ya taimaka mata shi ne masu fitar da kaya suna iya bin kowane kwali har gonar da ya fito. Mu ma muna da irin wannan sarƙa, sai dai don kuɗi aka ƙulla ta. A kasuwar lodi ta Kwanar Gafan ko ta Ɗanja dillali ya san mai kowane kwando da ya hau mota, direba ya san adadinsa, wakilin da ke Mile 12 ya san wanda zai aiko wa kuɗi, kuma da wuya lissafin ya ɓata. Ta wannan hanya ana iya ɗaukar samfuri a bakin kasuwa, a auna, a koma wa mai gonar da sakamako da kuma wanda zai nuna masa gyara. Hakan na buƙatar ɗakin gwaji kusa da manyan kasuwannin lodi, da albashin malaman gona da man baburansu a kasafin jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa.